Agogon Duna

Kawu Ilyasu ba ya ɗaura agogo.
Ran da ya bar aikin jirgin ƙasa
ya jefa shi cikin kwalla, ya ce bauta ta ƙare.
Amma a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi
har Lawandi mai shayi ya sani:
in baƙin kare mai farar ƙafa ɗaya
ya gifta gaban teburinsa,
shida da rabi ta yi, a ɗora ruwa na biyu.

Duna ke nan.
Kawu na dawowa daga masallaci da asuba
sai ƙanzon tuwo da romon ƙashi
a kwanon silba mai lotsattsen baki.
Sannan igiya, sannan hanya,
har gadar Dangi, su juyo.
Rana ta take, gindin darbejiya.
La'asar sakaliya, kwano na biyu.
Bayan isha'i a kwance shi ya zaga gida.
Asabar wanka, a tsince kaska ɗaya-ɗaya,
Kawu na dirje hannu da ƙasa da sabulu
yana mita, yana murmushi.

Sai ƙafa ta kumbura.
Aka kwantar da shi a asibitin Nassarawa,
aka ce, Nafi'u, kai da ba ka da aikin fari
balle na baƙi, riƙe kare.

Na riƙe, irin riƙona.
Yau in tashi goma, gobe sha biyu.
In na tuna in tula masa shinkafa har ta zube,
in na manta, sai dare ya raba
in ji kwano na kuka a kan siminti.
Kwana huɗu, Duna ya zama wani.
Ya tauna takalmin da nake zuwa biki da shi,
ya tone zogalen tsakar gida har saiwa,
ƙarfe biyun dare yana haushin inuwarsa,
har Hajiya Tasalla ta aiko yaro da safe:
ko ku yi maganinsa, ko a yi muku.

Na je na ce wa Kawu kare ya haukace.

Ruwa na ɗiga a jijiyar hannunsa.
Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Hauka?
Lissafi ka ɓata masa.
Shi bai san Talata ba, bai san ƙarshen wata ba,
ba wanda zai iya ce masa ina nan tafe.
Abin da ya sani, bayan wannan sai wancan.
Ka ɗauke masa wancan,
tabarma ka janye yana tsaye a kai."
Ya juya bayan katin magani
ya rubuta da rubutun nan nasa
mai kwanciya kamar gero bayan iska.
Layi biyar. Bai ƙara ba.

Na bi, da ƙyar.
Rana ta farko shi ya ja ni.
Ta biyu ni na ja shi.
Ta uku ya ci rabin kwano, ya kwanta.
Ta shida, kafin in zare sakata,
na tarar da shi zaune, igiya a baki,
wutsiya na share ƙasa.
Daren nan layinmu ya yi barci.

Lawandi ya ɗago kai daga tururi,
ya ce, "Af, agogonmu ya gyaru."
Ban tanka ba.
Ban gaya masa rabona da ganin rana
tana hawa kan rufin Tarauni
tun ina sakandare ba,
ko cewa ladan ya daina riga ni tashi.

Kawu ya dawo da sanda,
ƙafarsa ba ta kai wa Dangi.
Tawa ke kaiwa.
Katin na aljihuna, gumi ya ci tawadar,
ba na ma duba shi yanzu.
Duna kuwa dama bai taɓa karanta shi ba.